Na'urar da Ke Shiga Jijiya Ta Nemo Kitsen da Ke Shirin Fashewa: Ina Aka Kwana?

A watan Afrilun 2024 mujallar likitanci ta Lancet ta buga sakamakon wani gwaji mai suna PREVENT, wanda Farfesa Seung-Jung Park na birnin Seoul ya jagoranta. Marasa lafiya 1,606 aka ɗauka a Koriya ta Kudu da Japan da Taiwan da New Zealand. Dukkansu an leƙa cikin jijiyoyin zuciyarsu an ga daskararren kitse mai alamun haɗari, amma wanda bai kai ga tare wa jini hanya ba. Rabinsu aka bar su a kan magani kawai, ɗaya rabin kuma aka haɗa musu da 'yar ragar da ke tokare jijiya tun kafin wani abu ya faru. Bayan shekara 2, mutum 27 cikin masu shan magani kawai sun gamu da babbar matsala, a ɗaya ɓangaren kuwa mutum 3 ne.

Sakamakon ya sake tayar da wata tsohuwar tambaya: ta yaya likita zai bambance kitsen da zai zauna lafiya har mai shi ya tsufa da wanda zai fashe gobe? Cikin hanyoyin da aka gwada akwai wadda ba a cika jin labarinta ba, wato zura siririyar na'ura mai jin tururin nukiliya cikin jijiyar kanta. Ba da ita aka yi aiki a gwajin PREVENT ba, amma mutane kan rikita ta da wasu na'urorin da ba aikinsu ɗaya ba.

Mene ne ake nema a cikin jijiyar?

Kitsen da ake magana ba a tsakiyar hanyar jini yake taruwa ba, a cikin bangon jijiyar yake. Kolestirol ne ke kutsawa ƙarƙashin lallausar fatar da ta shimfiɗe cikin jijiya ya maƙale. Jiki sai ya ɗauke shi a matsayin baƙo, ya turo wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira makrofaj su cinye shi. Su ci har su kumbura su mutu a wurin, gawarwakinsu su haɗu da kitsen su zama wani curi mai laushi. A samansa jiki ke saƙa murfi na tsoka da zare don ya raba shi da jini. Wannan aiki ne na shekaru, sau da yawa tun daga ƙuruciya yake farawa ba tare da mutum ya ji komai ba.

Abin ya fi kama da maruru: akwai wanda ya bushe ya yi tauri, akwai kuma wanda ya nuna, fatarsa ta yi siriri, ruwa na ciki. Curin da murfinsa ya yi kauri, ko da ya matse hanya, yakan sa mutum ciwon ƙirji ne idan ya hau bene ko ya yi sauri. Mai siririn murfi shi ne abin tsoro. Makrofaj da ke cikinsa na fitar da sinadaran da ke cinye murfin, idan ya tsage jini ya taɓa abin da ke ciki, nan take gudan jini zai haɗu ya toshe jijiyar cikin 'yan mintoci. Idan a jijiyar zuciya ne, bugun zuciya ke nan. Idan a jijiyar wuya ce mai kai jini ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki na iya biyo baya. Masu binciken gawa, irin su Dokta Renu Virmani a Amurka, sun auna murafen da suka fashe suka ga kusan dukkansu kaurinsu bai kai maikuromita 65 ba, wato bai wuce kaurin silin gashi ɗaya ba.

Saboda haka tambayar ta rabu biyu. Ta farko: yaya siffar curin take? Ta biyu: akwai wutar kumburi a cikinsa ko ya lafa? Na'urar jin tururi tambaya ta biyu take neman amsawa.

Abin da hoton da aka saba ba ya nunawa

Tun 1958, lokacin da Dokta Mason Sones na asibitin Cleveland ya fara ɗaukar hoton jijiyoyin zuciya ta hanyar zuba musu ruwan rini, wannan hoto da ake kira anjiyogram ya zama ma'aunin da kowa ke dogaro da shi. Sai dai inuwar hanyar jini kawai yake nunawa, ba ya nuna bangon. A 1987 Seymour Glagov na Jami'ar Chicago ya nuna cewa jijiya kan buɗe ta waje yayin da curin ke girma, ta yadda hanyar ba ta fara tsukewa sai curin ya cinye kusan kashi 40 cikin ɗari na faɗin wurin. Ke nan mutum na iya ɗauke da curi babba, hotonsa kuma ya fito tas.

A ƙarshen shekarun 1980 wasu likitoci suka koma kan tsofaffin hotunan mutanen da daga baya bugun zuciya ya same su. Suka tarar a lokuta da yawa wurin da ya toshe ba shi ne wurin da ya fi tsukewa a hoton baya ba. Daga nan aka bazama neman hanyar ganin abin da ke cikin bango.

Sukari mai tururi

Makrofaj da ke cikin aiki suna da cin sukari fiye da ƙwayoyin da ke kewaye da su. Likitocin sankara sun daɗe suna cin moriyar irin wannan hali, domin ƙwayoyin sankara ma haka suke. Ana haɗa wani sinadari mai kama da sukari, FDG, a liƙa masa ƙwayar zarra ta fuloraiin-18 mai fitar da tururi, a yi wa mutum allurarsa. Ƙwayar da ta haɗiye shi ba ta iya narkar da shi har ƙarshe, sai ya maƙale a cikinta yana fitar da alama. Injin hoton PET kuma ya karanta alamar daga wajen jiki.

A 2002 James Rudd da abokan aikinsa a Cambridge ta Ingila suka nuna cewa curin jijiyar wuya da ya riga ya jawo wa mutum alamun shanyewar jiki ya fi ɗaukar FDG a kan na ɗaya gefen da bai yi komai ba. A jijiyar wuya da babbar jijiyar ƙirji dabarar ta yi aiki. Da aka zo kan jijiyoyin zuciya sai aka ci karo da katanga uku. Faɗin jijiyar milimita 3 zuwa 4 ne, injin PET kuwa da kyar yake bambance abin da bai kai milimita 4 ko 5 ba. Zuciya ba ta tsayawa a ɗauke ta hoto, ga bugu ga numfashi. Sannan tsokar zuciya ita kanta gwanar cin sukari ce, haskenta kan rufe ɗan ƙyallin da ke fitowa daga curin da ke kwance a kanta.

Tunanin da ya haifi na'urar cikin jijiya mai sauƙi ne: tunda daga nesa ba a gani, a kai mai aunawar har bakin curin.

Yadda na'urar ke aiki

A nan ne dabarar take, kuma sai an ɗan shiga kimiyyar zarra kafin a gane ta. Fuloraiin-18 idan zai rushe, wata 'yar ƙwaya yake harbowa mai suna fositiron. Ba ta da nisan tafiya a cikin nama: galibi ba ta cika milimita ɗaya ba, iyakarta ba ta wuce milimita biyu da 'yan kai ba. Da ta tsaya sai ta yi karo da ilektiron, su biyun su ɓace, a madadinsu haske biyu masu ƙarfi da ake kira gama su fita, kowanne ya nufi gefensa. Gama na ratsa jiki gaba ɗaya ya fita, shi ya sa injin PET ke iya kama shi daga waje. Fositiron kuwa ba mai jin ta sai wanda ke daf da ita.

Gajeriyar tafiyar nan ita ce ribar na'urar. Duk fositiron da ta kama, tabbas daga bangon da ke gefenta ko jinin da ke kewaye da ita ta fito, ba daga hanta ko can cikin tsokar zuciya ba. A bakin siririn bututun da ake kira kateta ana dasa ɗan guntun roba ta musamman wadda ke yin walƙiya duk lokacin da fositiron ta faɗa mata. Zaren gilashi ya ɗauki walƙiyar ya bi ta cikin bututun har wajen jiki, inda wani inji ke ƙirga ta. Da gangan ake yin robar siririya ƙwarai, don ta tare fositiron amma mafi yawan gama ya ratsa ta ya wuce ba tare da ya bar alama ba. Wasu masu ƙira sun gwada amfani da ɗan guntun silikon maimakon roba, wasu kuma sun sa ma'auni biyu, ɗaya a buɗe ɗaya a rufe, don a cire ƙirgar gama daga jimla.

Manufar ita ce a zura bututun ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi kamar yadda ake yi a anjiyogram, a kai shi can ƙarshen jijiyar zuciya, sannan wani ɗan inji ya riƙa janyo shi baya a hankali. Inda ƙirga ta yi sama, nan ake zargin kumburi. Abin da ke fitowa ba hoto ba ne irin wanda ido ya saba, layi ne mai hawa da sauka a kan allo.

Akwai ruɗani ɗaya da ya kamata a kawar. Na'urar ba ta fitar da tururi, ji kawai take yi, tururin daga allurar yake. Ta bambanta da wata hanyar magani da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da ita a 2000, inda ake zura abu mai fitar da tururi cikin jijiya don a hana tsoka sake toshe ragar da aka sa. Waccan magani ce, wannan bincike ne.

Inda gwaje-gwaje suka kai

A 2001 wata ƙungiya a Amurka da ta haɗa da Robert Lederman da Richard Wahl ta ba da rahoton gwaji a kan zomaye. An ji wa jijiyarsu ta gefe ɗaya rauni, aka ciyar da su abinci mai yawan kolestirol, aka yi musu allurar FDG, daga baya aka ciro jijiyoyin aka auna. Ɓangaren da ya lalace ya fi ba da ƙirga nesa ba kusa ba. A 2006 masu bincike a Jami'ar Kyoto ta Japan suka bayyana tasu katetar mai roba da zaren gilashi, wadda suka gwada a jijiyoyin karnuka da na wani jinsin zomo da ake haifa da ciwon yawan kolestirol, zomon Watanabe. Wajen 2015 kuma Raiyan Zaman da abokan aikinta a Jami'ar Stanford suka ƙera wata mai ɗan balan-balan a baki, aka gwada ta a jijiyoyin ɓeraye, daga baya suka haɗa ta da wata fasahar haske da sauti don a samu siffar curin tare da zafinsa.

Fiye da shekara ashirin ke nan da fara wannan tafiya, amma na'urar ba ta zama kayan aikin yau da kullum a ɗakunan binciken zuciya ba. Dalilan ba na kimiyyar zarra kaɗai ba ne.

Jinin da ke zagaye bututun shi ma yana ɗauke da FDG, don haka sai an jira awa biyu ko uku bayan allura kafin ya ragu. Mai bugun zuciya kuwa ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a buɗe masa jijiya cikin minti 90 da isowarsa asibiti. Wanda ya fi buƙatar a leƙa sauran jijiyoyinsa shi ne wanda ba shi da lokacin jira. Curin ƙarami ne, tururin da ke cikinsa kaɗan ne, idan an yi saurin janyo bututun ƙirgar ba ta isa a yanke hukunci ba, idan an yi jinkiri kuma an bar baƙon abu ya daɗe cikin jijiyar zuciya. Mai ciwon sukari yana da tasa matsalar, domin sukarin da ke jininsa na gogayya da FDG wajen shiga ƙwayoyin, alhali masu ciwon sukari na cikin waɗanda wannan cuta ta fi kamawa.

Ga kuma ma'aikatan ɗakin. Rigar darma da suke sawa, mai kaurin rabin milimita ko ƙasa da haka, an yi ta ne don hasken eksire. Gaman da ke fita daga jikin wanda aka yi wa allurar FDG sai darma mai kaurin milimita 4 zuwa 5 kafin ta rage shi da rabi. Likitan da zai tsaya jikin mara lafiya tsawon awa ɗaya, rigar ba za ta yi masa wani amfanin kirki ba.

Abokan takara sun riga ta

Yayin da ake fama da waɗannan matsaloli, wasu na'urori uku masu bin hanya ɗaya sun shige gaba. IVUS na amfani da sauti, tana nuna kaurin bango da girman curi. OCT na amfani da haske, kuma idonta ya fi na IVUS kaifi kusan ninki goma, har tana iya auna kaurin murfin kansa. NIRS, wadda FDA ta amince da ita a 2008, tana gane sinadarin kitse ta yadda yake haɗiye wani nau'in haske. Babu wadda ke buƙatar allurar tururi ko jiran awanni a cikinsu. Da su aka zaɓi marasa lafiyar gwajin PREVENT.

Masu goyon bayan na'urar jin tururi suna cewa waɗannan ukun siffa suke nunawa, ba su faɗin ko curin na ci ko ya mutu. Maganar na da ƙamshin gaskiya, ko da yake OCT kan nuna alamun taruwar makrofaj. Ta ɗaya gefen kuma hoton PET daga waje bai tsaya inda yake ba. A 2014 masu bincike a Edinburgh suka canza FDG da wani sinadari, sodiyam fuloraid mai tururi, wanda tsokar zuciya ba ta damu da shi ba, yana kuma maƙalewa inda ƙananan ƙwayoyin kalsiyam ke fara taruwa. Cikin mutum 40 da suka yi bugun zuciya, a 37 wurin da ya fi haske shi ne wurin da ya fashe. Idan za a iya samun amsar ba tare da huda jijiya ba, hujjar shiga ciki ta ragu. Sai dai babban gwajin da ya biyo baya a 2023, mai mutum 704, bai tabbatar da cewa hoton na hasashen dukkan matsalolin da aka sa a ma'auni ba, duk da an ga alaƙarsa da mutuwa ta ciwon zuciya da sake bugun zuciya.

Saɓanin da ya fi na'urar girma

A ƙarƙashin duk wannan akwai gardamar da ba a gama ba: shin farautar curi ɗaya ɗaya tana da amfani ma kuwa?

Masu shakka suna kafa hujja da gwajin PROSPECT na 2011, wanda Gregg Stone ya jagoranta. An leƙa manyan jijiyoyin zuciya uku na mutum 697 da IVUS, aka bi su fiye da shekara uku. An gano curi 595 masu siffar siririn murfi, amma 26 ne kawai suka jawo matsala, mafi yawan matsalolin kuma ciwon ƙirji ne da ya mai da mutum asibiti, ba mutuwa ba. Leƙen kansa ya ji wa mutum 11 mummunan rauni a jijiya. A 2015 Armin Arbab-Zadeh da Valentin Fuster suka rubuta cewa curi da yawa kan fashe su warke ba tare da mai su ya sani ba, kuma abin da ya fi hasashen haɗari shi ne jimlar cutar a jikin mutum da yanayin jininsa. Peter Libby da Gerard Pasterkamp suka ƙara da cewa wani kaso mai yawa na bugun zuciya, kusan ɗaya cikin uku, ba daga fashewa yake zuwa ba, daga zaizayewar fatar saman curi ne, irin wannan curi kuwa ba shi da makrofaj da yawa. Na'urar da ke bin sawun makrofaj na iya wuce shi ba ta ji komai ba.

A wurin wannan ɓangare, kumburi ciwon jiki duka ne, maganinsa ma na jiki duka ne. Gwajin CANTOS na 2017, mai mutum 10,061, ya nuna cewa allurar da ke rage kumburi ba tare da taɓa kolestirol ba ta rage manyan matsaloli da kusan kashi 15 cikin ɗari. A 2023 FDA ta amince da ƙaramin awon kolcisin, tsohon maganin ciwon gaɓɓai, don wannan aiki.

Ɗaya ɓangaren na cewa PROSPECT ɗin da kansa ya nuna idan alamomin haɗari uku suka haɗu a curi ɗaya, yiwuwar matsala na haurawa zuwa kusan kashi 18 cikin ɗari. Matsalar a ganinsu ba farautar ba ce, rashin kaifin kayan farautar ne, kuma ƙara ma'aunin kumburi a kan na siffa na iya tace 26 ɗin nan daga cikin 595. PREVENT ya ƙarfafa musu gwiwa. Amma shi ma yana da nasa rauni: likita da mara lafiya duk sun san wanda aka sa wa raga, kuma matsalolin da aka ƙirga sun haɗa da komawa asibiti da sake buɗe jijiya, abubuwan da wannan sani ke iya yi wa tasiri. Adadin waɗanda suka gamu da matsala ma kaɗan ne. Gwaji ɗaya irin wannan bai isa ya canza yadda ake aiki a duniya ba.

Abin da ya shafi mara lafiya

Duk wanda aka ce masa akwai asibitin da ke zura na'urar jin tururi don hasashen bugun zuciya a matsayin binciken da aka saba, ya nemi ƙarin bayani, domin fasahar tana matakin bincike ne. Ko ta kammala, ba za ta zama gwajin tantance mai lafiya ba. Ba a huda jijiyar wanda ba ya jin komai don neman abin da wataƙila ba zai taɓa fashewa ba. Waɗanda za su fara cin moriyarta su ne waɗanda dama an riga an shiga jijiyarsu don wani dalili.

Tururin allurar FDG da aka saba yi ya kai kusan milisibat 7, kwatankwacin abin da mutum ke samu daga ƙasa da iska da sararin sama cikin shekara uku, kuma wannan ƙari ne a kan hasken eksire na anjiyogram. Masu ƙirar na'urar na fatan kusancinta da curin zai ba da damar rage yawan allurar.

Batun kuɗi da wuri ya fi nauyi. Ƙarfin fuloraiin-18 na raguwa da rabi duk minti 110, ba a ajiye shi a kanta. Dole a samu injin saikulotiron da ke haɗa shi a kusa, ko jirgin da zai kawo shi a ranar, ga ɗakin binciken zuciya, ga ma'aikatan da suka san aikin nukiliya, duk a lokaci ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki, inda irin wannan haɗin kayan aiki ya fi ƙaranci. A Afirka ta Yamma ma salon cutar ya ɗan bambanta: binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, ya danganta kusan kashi 90 cikin ɗari na haɗarin shanyewar ɓarin jiki da hawan jini. A nan abin auna hawan jini da magungunan rage shi da na rage kolestirol (na kolestirol ɗin an riga an tabbatar suna ƙara wa murfin curi kauri) su ne ke da hujjar gwaji a bayansu.

Kafin na'urar jin tururi ta shiga wannan sahu sai ta haye matakai uku da har yanzu suke gabanta: a nuna ba ta cutar da mutum, a nuna curin da ta nuna shi ne ke fashewa daga baya, sannan a yi gwajin da zai tabbatar cewa yin aiki da abin da ta nuna ya fi shan magani kawai rage mutuwa da bugun zuciya.